John Marshall: Alƙalin da ya ba kotunan Amurka ikon taka wa gwamnati burki

An haifi John Marshall a yankin Virginia a 1755, kuma ya fafata a yaƙin neman 'yancin Amurka kafin ya zama lauya. Shugaba John Adams ne ya naɗa shi Alƙalin Alƙalai a 1801, muƙamin da ya riƙe har rasuwarsa a 1835.

A shari'ar Marbury da Madison ta 1803, ya tabbatar da cewa fassara doka hurumin kotu ne. Da wannan hukunci Kotun Ƙoli ta kafa hujja a 2024 wajen rage ikon hukumomin tarayya. A shekarar ce kuma ta soke haramcin da hukumar ATF ta ɗora wa wata na'urar ƙara wa bindiga saurin harbi, bisa dalilin cewa hukumar ta wuce huruminta.