WALIYIYA MONIKA, UWAR DA TA SAKE BUƊE ƘOFA

'Yan'uwa, a ranar 27 ga Agusta kowace shekara Ekklisiya takan tuna da Waliyiya Monika, kashegari kuma ta tuna da ɗanta, Waliyi Agustin. Mun kawo tarihinta ne domin iyayen da ke da matashi a gida wanda halinsa ya sauya, har sun rasa ta inda za su ɓullo masa.

An haifi Monika wajen shekara ta 331 a Tagaste, garin da ake kira Suk Ahras a Aljeriya ta yau. Ashe 'yar Afirka ce kamarmu. Tana budurwa iyayenta sukan aike ta ɗebo ruwan inabi daga rumbu, sai ta riƙa kurɓa kaɗan kaɗan har abin ya zama mata jiki. Ran nan wata baiwar gidan ta yi mata gori a cikin faɗa, ta kira ta mashayiya. Kunya ta kama ta, daga ranar ta bari. Tun da wuri ke nan ta san yaro yakan yi tuntuɓe ya kuma tashi.

Aka aurar da ita ga Patrisiyus, mutum mai zafin rai wanda ba Kirista ba ne. Idan ya fusata ba ta tanka masa, sai ya huce ta gaya masa gaskiya cikin natsuwa. Da wannan hali ta zauna da shi har ya karɓi baftisma gab da rasuwarsa, wajen shekara ta 371.

Agustin, wanda aka haifa a 354, yaro ne mai kaifin basira. Yana shekara 16 kuɗin makaranta suka yanke, ya dawo daga Madaura ya yi shekara guda yana zaman banza. Ya faɗa cikin miyagun abokai. Wata rana da dare suka kakkaɓe itacen maƙwabci, ba don yunwa ba, suka watsa wa aladu 'ya'yan. Monika ta kira shi a keɓe ta gargaɗe shi game da fasikanci, shi kuwa ya ɗauki maganar surutun mata. Daga baya, a littafinsa na ikirari, ya nuna cewa a lokacin iyayensa biyu sun fi damuwa da ci gaban karatunsa fiye da abin da ke cin zuciyarsa. Wannan zargi ya kamata ya tsaya mana a rai, mu da muke tambayar sakamakon jarrabawa amma ba mu tambayi yaro yadda ya kwana ba.

Ya tafi Kartaj, a Tunisiya ta yau, yana shekara 17. Can ya ajiye mace ba aure, suka haifi ɗa mai suna Adeyodatus, sa'an nan ya shiga addinin Mani. Da ya komo Tagaste, Monika ta hana shi zama a gidanta da cin abinci tare da ita. Amma ta yi mafarki wanda ya nuna mata cewa inda take tsaye nan ɗanta zai tsaya wata rana. Sai ta janye hukuncinta, ta buɗe masa ƙofa, alhali bai tuba ba, bai kuma sauya ra'ayi ba. Ta roƙi wani bishop ya yi muhawara da shi. Bishop ɗin ya ƙi, domin ya ga saurayin yana cike da girman kai, ba zai saurara ba tukuna. Ya shawarce ta ta ƙyale shi ta ci gaba da addu'a, ya kuma ba ta tabbacin cewa hawayenta ba za su zuba a banza ba.

A waɗannan shekaru ne babban amininsa ya rasu da zazzaɓi. Baƙin ciki ya rufe Agustin, garinsu da gidan ubansa suka gundure shi, kuka kaɗai ke sanyaya masa rai, har ya gudu ya koma Kartaj. A 383 ya yaudari uwarsa a bakin teku, ya bar ta tana addu'a a ɗakin sujada na Waliyi Sipriyan, ya shiga jirgin ruwa da dare zuwa Roma. Monika ta yi kuka, amma ta bi sawunsa har Milan a ƙasar Italiya. Can ta sami Bishop Amburos, wanda wa'azinsa ya ratsa ɗanta ta inda maganarta ta kasa. A 386 suka zauna tare a ƙauyen Kasisiyakum, tana sa baki cikin tattaunawarsa da ɗalibansa. A daren Ista na 387 Amburos ya yi wa Agustin da Adeyodatus baftisma. A shekarar nan, suna jiran jirgin komawa Afirka, zazzaɓi ya kama ta a Ostiya, ta rasu a rana ta tara tana da shekara 56. Ɗan da ta ƙi yankewa ya zama Bishop na Hippo, ya rasu a 430.

Mu a Mabai da kewayen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, 'ya'yanmu sun ga abin da ya fi ƙarfin shekarunsu. Ba mu manta da daren 11 ga Disamba 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Yaron da ya sha gudun dare yakan dawo da firgita, rashin barci, ƙin abinci, yawan fushi ko shiru mai tsawo, wani kuma ya nemi mafaka a ƙwaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar tunani. Bulala da kora ba su warkar da irin wannan.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Monika ta tsawata a keɓe, ba a bainar jama'a ba. Da ta ga korar ba ta yi amfani ba, ta sauya. Da ta ga muryarta ba ta isa ba, ta nemi wanda ɗanta zai saurara. Mu ma mu nemi Fada, katikis, malami ko dattijuwa a Zumuntar Mata. Idan yaro ya fara zancen mutuwa ko cutar da kansa, kada mu jira: mu kai shi asibiti, akwai kuma asibitocin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. A daren yau, kowane uba da uwa su zauna da matashinsu a kan tabarma ɗaya, su bar shi ya gama magana kafin su amsa.

Waliyiya Monika, ki yi addu'a dominmu da 'ya'yanmu. Amin.