Alkindi, Malamin da Ya Kwance Rubutun Asiri

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin wani malami wanda aikinsa ya shafi kowane ɗayanmu da ke da kalmar sirri a waya ko a banki.

An haifi Yakubu ɗan Ishaƙu Alkindi a Kufa, cikin ƙasar Iraƙi, wajen shekarar 801. Ubansa shi ne gwamnan garin. Da ya girma sai ya zauna a Bagadaza, ya shahara a lissafi da falsafa, har Halifa Mu'utasim ya ba shi ɗansa Ahmadu ya koyar. Watau aikin da mu ke koyo a nan Abuja shi ma ya yi shi. A zamanin Halifa Mutawakkil magabta suka sa aka ƙwace masa littattafansa, daga baya aka mayar masa. Ya rasu wajen 873, ya bar littattafai fiye da 200.

A zamaninsa mai son ɓoye wasiƙa yakan musanya kowane harafi da wata alama. Alkindi ya lura harshe yana da hali, hali kuwa zanen dutse ne. A Larabci alif da lam sun fi yawa, kamar yadda "a" ta fi yawa a Hausa. To, in ka ƙirga alamomin wasiƙar, wadda ta fi yawa ita ce harafin da ya fi yawa, da haka asiri ya tonu. An sami littafin da ya bayyana wannan a Istanbul, aka buga shi a Dimashƙa a 1987.

Ɓarayin intanet ma da hali su ke kama mu. Sukan fara gwada abin da mutane suka saba sawa, kamar 123456, ko sunan ɗa, ko shekarar haihuwa.

Masu ajiye mana kalmomin kuwa hanya biyu gare su. Ta fari, a kulle kalmar da mabuɗi, amma wanda ya sace mabuɗin ya buɗe duka. Ta biyu, a niƙa ta da lissafi kamar gero, a ajiye garin kaɗai. In ka zo shiga sai a niƙa abin da ka rubuta a gwada da garin. A ganina ta biyun ta fi, gama gari ba ya komawa tsaba. Duk da haka gajeriyar kalma ɓarawo yakan cinka ta, ya niƙa ya gwada. Saboda haka mu zaɓi doguwa, kowane wuri da tasa, mu kuma koya wa yaranmu haka ran da muka kama aji.