Bayajida

Bayajida, wanda ake kuma rubuta sunansa Bayajidda ko Abuyazidu, shi ne baƙon da tarihin baka na Hausawa ya ce ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, ya auri sarauniyar garin, kuma daga zuriyarsa aka sami sarakunan Hausa Bakwai. Idan aka bi lissafin da ya sanya sarautar jikansa Bagauda a Kano tsakanin 999 da 1063, zamaninsa zai faɗo a ƙarni na 10. Labarin ya nuna shi ɗan sarki ne da ya baro gabas da runduna, amma ya iso ƙasar Hausa shi kaɗai. Makamin da ya yi aikin da ya ɗaukaka shi kuwa wuƙa ce da maƙeran Gaya suka ƙera masa a hanya.

Suna

Bayanin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne sunan ya fito daga ba ya ji da, wato mutumin da a da ba ya jin Hausa. Bayanin yana da daɗin ji, amma ya fi kama da irin fassarar da masu harshe kan ƙirƙiro wa baƙuwar kalma bayan ta zauna a bakinsu. Ta fuskar ilimin furuci, sunan Larabci Abu Yazid ya isa ya haifar da Bayajida ba tare da wata wahala ba. A Hausa sautin z yakan koma j idan wasalin i ko e ya biyo bayansa, kamar yadda ake gani a kaza da kaji, ko maza da miji, don haka Yazid zai iya zama Yajid. Faɗuwar wasalin farko ma ba baƙon abu ba ne, ga Abubakar da ke zama Bukar. Wannan yana nuna inda sunan zai iya fitowa, bai nuna wane ne mai sunan ba.

Daga Bagadaza zuwa Borno

Ruwayar fadar Daura ta ce Bayajida ɗan Abdullahi ne, sarkin Bagadaza. Bayan wani rikici a gida ya fita da mayaƙa masu yawa, ya yi yamma har ya sauka a Borno. Mai na Borno ya ga rundunar baƙon ta fi ƙarfin a tunkare ta da yaƙi, sai ya bi ta hanyar dabara. Ya aura masa 'yarsa, wadda ake kira Magira ko Magaram, sannan ya riƙa aron mutanensa kashi-kashi da sunan yaƙi, yana zaunar da su a garuruwan da aka ci. Da Bayajida ya farga an raba shi da jama'arsa kuma ana shirin kashe shi, ya gudu da matarsa tana da ciki.

A Garun Gabas, kusa da Haɗeja a jihar Jigawa ta yau, tafiya ta gagari matar. Ya bar ta a nan, ta haifi ɗa namiji mai suna Biram, wanda ya zama tushen sarautar Biram ta Gabas. Shi kuwa ya ci gaba da tafiya yamma.

Wuƙar Gaya

Zangonsa na gaba shi ne Gaya, gabas da birnin Kano. A nan ya sami maƙera, ya sa suka ƙera masa wuƙa yadda yake so. Masu ba da labarin sukan wuce wannan gaɓa da jimla ɗaya, alhali ita ce gaɓar da ta fi kowace samun goyon baya daga wajen labarin.

Gaya tsohon garin ƙira ne. Tarihin baka na Kano ya ce Abagayawa, maƙeran da suka fito daga Gaya suna neman tama, suna cikin waɗanda suka fara zama a gindin Dutsen Dala, har ana cewa sunan shugabansu Kano ne garin ya ɗauka. Binciken kayan tarihi a Dala ya gano alamun narkar da tama da aka kiyasta shekarunsu zuwa ƙarni na 7. Ke nan tun kafin zamanin da ake ba Bayajida da ƙarni uku, ana fitar da ƙarfe daga dutse a wannan yanki. Baƙon da ya fito daga babban birni irin Bagadaza bai kawo wa mutanen ƙasar ƙarfe ba, a wurinsu ya samu.

Ruwayoyi sun saɓa a kan sunan makamin. Wasu sun ce wuƙa, wasu sun ce takobi, kuma bambancin ba na lafazi kaɗai ba ne. Takobi makamin barade ne, na yaƙi a kan doki da na ado a fada. Kalmar tana da 'yar'uwa a harshen Buzaye, takoba, kuma masana da dama suna ganin aro ce daga can. Wuƙa kuwa, ko yuƙa a karin harshen yamma, kayan aikin kowa ce: maharbi, mahauci, makiyayi, matafiyi. Irin wadda maƙeran baƙi suke yi ba ta naɗewa. Ruwanta da gindinta ƙarfe ɗaya ne, ana cusa gindin a cikin ƙota ta itace ko ƙaho, dukawa kuma su ɗinka mata kube na fata. Ana soke ta a ɗamara, ko a ɗaura ta a hannu da zoben fata yadda ɗaya hannun zai zare ta nan take. Rashin gaɓa a tsakiyarta shi ne ƙarfinta, domin babu inda za ta karye ko ta rufe a kan yatsun mai ita idan aka danna ta a ƙashi. Saboda haka mafarauta suke riƙe da ita don yanka abin da suka kama, da fiɗa, da raba nama, da kuma kare kai idan dabba ta zo gab da gab.

Ƙirarta ba ta canja sosai ba. Ana hura gawayin ƙirya da zugazugai, a riƙe ƙarfen da awartaki, a doke shi da masaɓa a kan uwar maƙera har ya miƙe ya yi tsini, a tsoma shi a ruwa don ya yi tauri, sannan a wasa. Abin da ya canja shi ne tushen ƙarfen. Narkar da tama ta mutu a ƙarni na 20 bayan shigowar ƙarfen Turai, kuma a Kanon yau, mai masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, maƙeri ya fi yin wuƙar farauta da tsohon ƙarfen mota. Masanin harshen Hausa Philip Jaggar ya rubuta littafi a kan maƙeran birnin Kano da yadda suka bi da wannan sauyi, wanda aka buga a 1994.

Mutumin da ya rasa runduna, yake tafiya shi kaɗai a daji, wuƙa ta fi dacewa da halinsa. Mai yiwuwa ta zama takobi ne a bakin masu ba da labari bayan mai ita ya zama kakan sarakuna.

Daren Kusugu

Daga Gaya ya yi arewa ya isa Daura da dare. A lokacin mata ne ke sarautar garin, ana kiran kowace Magajiya. Jerin sunayensu ya fara da Kufuru, kuma wadda ya tarar ana kiranta Daurama, wasu ruwayoyi suna ba ta sunan Shawata. Ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa don kansa da abin hawansa. Tsohuwar ta shaida masa babu ruwa, domin wata macijiya da ake kira Sarki tana zaune a rijiyar garin, ba ta barin a ɗiba sai ranar Juma'a.

Ya karɓi guga ya tafi rijiyar a daren. Da ya zura gugan macijiyar ta riƙe, ya jawo ta har kanta ya fito bakin rijiya, ya sare shi da wuƙar Gaya. Ya jefa kan a jaka, ya ɗebi ruwa ya sha, ya shayar da dabbarsa, ya kai wa tsohuwar saura, ya kwanta. Wasu masu ba da labarin sun ƙara da cewa ya bar takalminsa ɗaya a wurin.

Wannan ba yaƙin barde ba ne, aikin maharbi ne. Ya fito da dabbar daga maɓoyarta da dabara, ya jira ta zo inda gajeren makami zai kai, ya gama da ita a wuri ɗaya, sannan ya ɗauki shaida. Mafarauta a ƙasar Hausa sukan riƙe wutsiya ko kai ko fatar abin da suka kashe don kada wani ya yi da'awar aikinsu, kuma abin da ya biyo baya ya nuna amfanin haka. Da gari ya waye aka ga gangar jikin macijiyar a bakin rijiya, Magajiya ta aiki manyan fadawanta, Kaura da Galadima, su tabbatar. Ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi aikin. Mutane da dama suka fito suna cewa su ne, amma babu wanda ya iya kawo kan da ya dace da jikin. Sai Ayana ta tuna da baƙonta da ruwan da ya ba ta a daren da ba na Juma'a ba. Aka kira shi, ya zazzage jakarsa.

Aure da zuriya

Bayajida ya ƙi rabin gari, ya nemi auren sarauniyar. Daga nan aka riƙa kiransa Makas-Sarki, wato wanda ya kashe Sarki, kuma ruwayar ta ce daga wannan laƙabi ne Hausawa suka sami kalmar sarki. Ta fuskar ginin kalma da'awar tana da rauni, domin saiwar da ke cikin sarki ita ce a sarauta da sarauniya da sarakuna, abin da ya fi nuna tsohuwar kalma ce a harshen.

Al'ada ta hana Magajiya kusantar namiji, don haka da fari ta ba shi kuyanga, Bagwariya. Ita ta haifi ɗa aka sa masa Karɓagari, sunan da ma'anarsa ba ta ɓoyu ba. Ganin gari zai fita daga hannunta, Daurama ta ajiye al'adar, ta haifi nata ɗan, ta sa masa Bawo, wato a dawo da garin. Bawo ne ya gaji sarautar, kuma daga kansa mulki ya koma hannun maza.

'Ya'yan Bawo shida suka kafa sarautu: Gazaura a Daura, Bagauda a Kano, Kumayau a Katsina, Gunguma a Zazzau, Duma a Gobir, Zamnakogi a Rano. Idan aka haɗa da Biram sun zama Hausa Bakwai. Zuriyar Karɓagari kuma aka jingina mata Banza Bakwai, wato Zamfara, Kabi, Yawuri, Nupe, Gwari, Kwararrafa da Yarabawa, kodayake jerin yana bambanta daga wannan ruwaya zuwa waccan.

Ra'ayoyin masana

Rubuce-rubucen ƙarni na 19 ba su ba da labarin a siffar da aka sani yau ba. Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri da ya rubuta wajen 1812, ya ambaci Bawo ne a matsayin bawan sarkin Borno. Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya rubuta rabon Hausa Bakwai da Banza Bakwai. Cikakkiyar ruwayar Daura ta shiga ɗab'i a farkon mulkin mallaka, ta hannun E. J. Arnett a 1910 da H. R. Palmer a 1928.

Palmer ya danganta Bayajida da Abu Yazid, ɗan ƙabilar Berber ta Afirka ta Arewa kuma ɗan ɗariƙar Khawarij da ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye, ya ci Ƙairawan a 944, ya mutu a hannun halifa al-Mansur a 947. Ana yi masa laƙabi da mai jaki. W. K. R. Hallam, a wata maƙala ta 1966, ya ga mai yiwuwa magoya bayansa da suka tsere kudu ne suka kawo sunan. Tunda shi Abu Yazid ɗin ya mutu a arewacin Sahara, ba zai zama shi da kansa ya iso Daura ba. Abdullahi Smith kuwa, a 1970, ya yi jayayya da duk tunanin cewa wani baƙo ne ya kafa daulolin Hausa, yana ganin sun tsiro ne sannu a hankali daga ƙauye zuwa gari zuwa birni. Ilimin harshe yana tare da shi a nan, domin Hausa harshen Cadi ce, danginta su ne Gwandara da Bole da Bade da Ngizim da Angas, duk a wannan yanki suke.

Jigon labarin ma ba na Hausawa kaɗai ba ne. Tarikh al-Sudan na al-Sa'adi, daga ƙarni na 17, ya kawo labarin baƙon da ya kashe kifin da mutanen Kukiya suke bauta wa, ya zama sarkin Songhai na farko. Soninke suna da labarin macijin Bida na Wagadu, sai dai a can kashe shi fari da watsewar daula ya jawo.

Makamin a fadar Daura

Rijiyar Kusugu tana nan a cikin garin Daura, jihar Katsina. An gina mata ɗaki, kuma baƙi suna zuwa ganinta. Makamin da ake jingina wa Bayajida yana cikin kayan sarautar fadar Daura. Gidan da ke riƙe da shi ya yi kusan shekara 100 a wajen birnin, domin bayan jihadin farkon ƙarni na 19 Malam Isiyaku ya karɓi Daura, sarakunan Haɓe suka koma Zango da Baure. Turawan mulkin mallaka ne suka dawo da su a farkon ƙarni na 20, lokacin da suka naɗa Malam Musa. Daga zuriyarsa aka sami Sarki Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, da Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007.

Ajiye tsohon makami a matsayin shaidar sarauta ba Daura kaɗai ke yi ba. A Katsina akwai Gajere, ɗan gajeren takobin da ake cewa da shi Muhammadu Korau ya yanka Sanau a wajen kokawa a ƙarni na 15. Sanau shi ne na ƙarshe a gidan Kumayau, jikan Bayajida, kuma har yau Gajere yana cikin kayan da ake miƙa wa sabon Sarkin Katsina.