Edmond Halley

Edmond Halley (1656 zuwa 1742) masanin ilimin taurari da lissafi ne ɗan ƙasar Ingila. An fi saninsa da tauraruwa mai wutsiyar nan da ake kira da sunansa. Ba shi ya fara ganinta ba, domin masana a ƙasar Sin sun rubuta fitowarta tun shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa. Abin da ya yi shi ne nuna cewa tauraruwa ɗaya ce take zuwa tana komawa, kuma ana iya lissafa lokacin dawowarta. Bisa wannan lissafi ake sa ran sake ganinta a 2061.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a Haggerston da ke kusa da Landan. Mahaifinsa attajiri ne mai sana'ar yin sabulu. Ya shiga Jami'ar Oxford a 1673, amma bai tsaya ya kammala ba. A 1676 ya hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Saint Helena a kudancin Tekun Atlantika, inda ya tantance mazaunin taurari 341 na sararin kudu, da yawansu ba a hango su daga Turai. Wannan aiki ya sa ya yi suna tun yana ɗan shekara 22.

A 1684 ya ziyarci Isaac Newton a Cambridge, ya matsa masa ya rubuta bincikensa kan ƙarfin da ke jan abubuwa zuwa ga juna. Halley ne ya biya kuɗin buga littafin, mai suna Principia, daga aljihunsa a 1687. Daga baya ya koyi Larabci don ya fassara rubuce-rubucen Apollonius, masanin lissafi na Girka, waɗanda asalinsu ya ɓace sai fassarar Larabci ta rage.

Lissafin tauraruwa mai wutsiya

A zamaninsa mutane da yawa suna ɗaukar tauraruwa mai wutsiya a matsayin alamar yaƙi, annoba ko mutuwar sarki. Ko masana ma suna ganin sau ɗaya take wucewa. Halley ya tattara bayanan irin waɗannan taurari 24 da aka gani a baya, ya lissafa hanyar kowacce da ka'idojin Newton. Sai ya lura cewa ta 1531, da ta 1607, da ta 1682 wadda ya gani da idonsa, hanyarsu kusan ɗaya ce, kuma tazarar da ke tsakaninsu shekara 75 zuwa 76 ce. A 1705 ya wallafa cewa abu ɗaya ne yake kewaya rana, kuma zai dawo wajen 1758. Kasada ce babba, don ya san da wuya ya kai lokacin.

An naɗa shi Masanin Taurari na Sarki a Greenwich a 1720, kuma a can ya mutu a watan Janairun 1742 yana da shekara 85. Bayan shekara goma sha shida, ranar 25 ga Disambar 1758, wani manomi Bajamushe mai suna Johann Palitzsch ya hango tauraruwar. Ta ɗan makara saboda jan Mushtari da Zuhal, kamar yadda masu lissafi uku na Faransa suka riga suka nuna, ta kai mafi kusancinta da rana a Maris 1759. A shekarar ce aka sa mata sunansa.

Dawowarta

A 1759 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana ɗan shekara huɗu. Ta sake fitowa a 1835, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sannan a 1910, shekara bakwai bayan Turawa sun ci Sakkwato. Fitowar 1986 ba ta yi armashi ba, domin lokacin da ta fi haske rana ta shiga tsakaninta da duniya. Amma a karon ne kumbon Giotto na Turai ya ɗauki hoton jikinta, aka ga dunƙulen ƙanƙara da ƙura ne, baƙi ƙirin, mai tsawon kimanin kilomita 15. Zafin rana ne ke fitar da tururi da ƙurar da ke zama wutsiya.

A Disambar 2023 ta kai ƙarshen nisanta, ta juyo. Za ta fi kusantar rana ranar 28 ga Yuli 2061, kuma a wannan karon tana ɓangare ɗaya da duniya, don haka za ta fi ta 1986 haske sosai, a gan ta da ido ba tare da na'ura ba. A ƙasar Hausa kuwa, daga Kano har Ƙaura Namoda da Shinkafi, ƙarshen Yuli tsakiyar damina ne, saboda haka ganinta zai dogara ga samun daren da babu hadari. Fitowar da ke bin wannan sai 2134.