Felix Bloch: Masanin da ya ji amsar ƙwayar zarra

Matar da ta sayi man wanke gashi a kasuwar Agege, da majinyacin da likita ya tura ɗaukar hoton MRI a Ikeja, da wuya su san sunan Felix Bloch, amma dukansu suna cin moriyar aikinsa.

An haife shi a Zurich ta ƙasar Suwizalan ranar 23 ga Oktoba, 1905. Ya fara da karatun injiniya, sannan ya koma fannin fiziks, ya kammala digirin digirgir a Leipzig a 1928 a hannun Werner Heisenberg. Da Hitler ya hau mulki a 1933, gwamnati ta shiga korar Yahudawa daga aikin gwamnati da jami'o'i. Bloch Bayahude ne, sai ya bar Jamus. A 1934 Jami'ar Stanford ta Amurka ta ɗauke shi aiki. Jamus ta yi asara, Amurka ta tsinci dami a kala.

A 1946, shi da William Hansen da Martin Packard suka sanya ruwa cikin maganaɗisu mai ƙarfi, suka aika masa igiyar rediyo, suka kuma gano cewa cibiyar ƙwayar haidurojin tana mayar da amsa da na'ura ke iya aunawa. Edward Purcell na Harvard ya gano haka shi ma a nasa ɓangaren. Su biyun suka raba kyautar Nobel ta 1952.

Wannan hanya, wadda ake kira NMR, da ita masana ke leƙa cikin ruwan sabulu a yau. Man wanke gashi yakan haɗa sinadarin kumfa da dogayen sarƙoƙin sinadari masu ɗauke da cajin lantarki. Idan cajinsu ya saɓa, sai su manne. Ƙwayar da ta manne tafiyarta kan ragu cikin ruwa, NMR kuwa tana auna wannan jinkiri, ta nuna yawan waɗanda suka kama da waɗanda ke sake. Daga nan ake sanin gwargwadon haɗin da zai wanke datti, ya kuma bar gashi da laushi.

A 1954 aka naɗa Bloch babban daraktan farko na cibiyar CERN a Geneva. Bayan shekara guda ya ajiye muƙamin, ya koma Stanford, domin bincike ya fi kwanta masa a rai bisa aikin ofis. Ya mutu a Zurich ranar 10 ga Satumba, 1983.