Heinrich Barth: Bajamushen da ya lura da masaƙan Kano

An haifi Heinrich Barth a birnin Hamburg na ƙasar Jamus a 1821. Ya yi karatu a Jami'ar Berlin, ya kuma ƙware a Larabci tun kafin gwamnatin Birtaniya ta ɗauke shi cikin ayarin da ta tura bincike Afirka.

A watan Maris na 1850 ya tashi daga Tarabulus tare da James Richardson da Adolf Overweg, yana amsa sunan Abdulkarim. Ya ratsa Sahara, ya bi ta Agadez da Katsina, ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo.

Arzikin da ke cikin zare

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa a Kano shi ne sana'ar tufafi. A ƙasar nan da kogunan Watari da Challawa ke ratsawa, manomi ne ke shuka auduga da baba, mata su kaɗa zare a cikin gida, masaƙi ya saƙa, marini ya rina a karofi, sannan mabugi ya buga har ƙyalle ya yi sheƙi.

Barth ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa sun kai kuɗi wuri miliyan 300 a shekara, kuma Timbuktu kaɗai na karɓar kayan raƙuma aƙalla 300.

Sai dai bai tsaya ga lissafin riba ba. Ya duba yadda masu aikin ke rayuwa, ya gwada da masaƙun Turai na zamaninsa, inda ake cusa ma'aikata a manyan masana'antu cikin ƙasƙanci. A ganinsa tsarin Kano ya fi mutunta ɗan Adam, domin iyali na samun abin sawa a bakin salati ba tare da sun bar gidajensu ba.

Inda hoton bai cika ba

Wannan yabo yana da iyaka. Shi kansa Barth ya rubuta labarin cinikin bayi a kasuwar Kano, kuma masana tarihi daga baya sun nuna cewa bayi a rinjoji na daga cikin waɗanda ke noma audugar da babar da aka dogara a kansu. Wato babbar rigar da attajiri ke taƙama da ita, akwai gumin wanda ba a biya ba a jikinta.

Abokan tafiyarsa biyu sun mutu a hanya, Richardson a 1851, Overweg kuma a 1852. Barth ya ci gaba shi kaɗai, ya bi ta Sakkwato, ya isa Timbuktu a 1853, inda Sheikh Ahmad al-Bakkay ya ba shi kariya.

Ya koma Turai a 1855 tare da samari biyu da aka 'yanta, Abbega da Dorugu. Labaran Dorugu sun shiga cikin rubuce-rubucen Hausa na farko da aka buga da boko. Barth ya wallafa littafin tafiyarsa mai juzu'i 5 tsakanin 1857 da 1858, ya kuma mutu a Berlin a 1865 yana da shekaru 44.

Tambayar da ya yi game da halin da mai yin tufa ke ciki ta sake tasowa a 2013, lokacin da ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladesh, ya hallaka mutane fiye da 1,100, akasarinsu maɗinkan kayan da ake sayarwa a Turai da Amurka. Tun daga nan kiraye-kiraye suka ƙaru kan mai saye ya san wanda ya ɗinka rigarsa da abin da aka biya shi.