Benjamin Disraeli: Jikan Baƙo Da Ya Mulki Birtaniya

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau mun ɗauko muku Benjamin Disraeli, mutumin da sau biyu yana zama Firayim Ministan Birtaniya, alhali kakansa baƙo ne a ƙasar.

An haife shi a Landan ranar 21 ga Disamba, 1804. Kakan nasa Bayahude ne ɗan kasuwa, wanda ya baro Italiya a 1748 ya zo cin arziki, zama ya kama shi. A wancan zamani Bayahude yana iya kasuwanci a Ingila har ya tara dukiya, amma ba shi da halin zama a Majalisar Dokoki, domin rantsuwar shiga majalisar ta Kirista ce zalla. Ana nan sai mahaifinsa, Isaac, ya sami saɓani da shugabannin wurin ibadarsu, ya kwashi 'ya'yansa ya kai coci aka yi musu baftisma a 1817. Lokacin Benjamin yana ɗan shekara 12. Wannan sauyin addini, wanda ba shi ya zaɓar wa kansa ba, shi ya buɗe masa ƙofar siyasa.

Amma fa ƙofar ba ta buɗe da sauƙi ba. A 1825 ya ci bashi ya sayi hannun jarin kamfanonin haƙar ma'adinai na Kudancin Amurka, kasuwar ta karye, bashi ya yi masa katutu na shekara da shekaru. Sai ya koma rubuta littattafan ƙagaggun labarai. Sau huɗu yana tsayawa takara yana faɗuwa, abokan hamayya suna yi masa gori da asalinsa. Sai a 1837 ya ci kujerar Maidstone a jam'iyyar masu ra'ayin riƙau. Ran da ya tashi yin jawabinsa na farko, 'yan majalisa suka yi ta masa ihu da dariya har ya zauna. To amma mai haƙuri yakan dafa dutse. A 1846 shugaban jam'iyyarsu, Robert Peel, ya soke harajin da ke kare hatsin gida daga na waje. Disraeli ya tsaya wa masu gonaki, ya caccaki Peel, jam'iyya ta rabe biyu, shi kuma tauraronsa ya haska.

A 1847 aka gwada halinsa. Mutanen birnin Landan suka zaɓi Lionel de Rothschild, attajiri mai banki, Bayahude da ya ƙi barin addininsa, saboda haka rantsuwa ta gagara. Da Disraeli ya ga dama sai ya ja bakinsa, tunda shi ya riga ya shige. Sai ya miƙe a majalisa ya goyi bayan a buɗe wa Yahudawa ƙofa, alhali akasarin 'yan jam'iyyarsa ba sa so. Shekara 11 Rothschild yana jira, sai a 1858 aka gyara doka ya zauna kujerarsa da addininsa.

A 1867 Disraeli ya ja ragamar dokar da ta ba ma'aikatan birane da dama ikon jefa ƙuri'a, masu zaɓe suka kusa ninkawa. Ya hau mulki a 1868, amma kafin shekara ta fita William Gladstone ya kayar da shi. Ya dawo a 1874 ya riƙe har 1880. Gwamnatinsa ta yi dokokin tsabtar gari, da na rushe gidajen da suka lalace a unguwannin talakawa, da na kare ƙungiyoyin ƙwadago.

Sai dai tarihi ba ya ɓoye komai. A 1875, da bashi ya ci Ismail mai mulkin Masar, Disraeli ya ranto fam miliyan 4 daga bankin Rothschild ya saye wa Birtaniya hannun jarinsa na mashigin ruwan Suez. A 1876 ya sa aka ƙara wa Sarauniya Victoria sarautar Indiya. A zamaninsa ne kuma sojojin Birtaniya suka auka wa Afganistan a 1878, da ƙasar Zulu a 1879. Wato wanda ya ɗanɗani wulaƙancin baƙunta, shi ne ya ƙara wa Ingila ƙarfin taka ƙasashen wasu. Ya mutu ranar 19 ga Afrilu, 1881, bai bar ɗa ba.

Mu da muke zaune nesa da garuruwan kakanninmu, mun san ciwon a haifi mutum a gari, a haifi ubansa a nan, amma gobe a ce masa baƙo. Disraeli ya shiga majalisa da wuri domin an sauya masa addini. Rothschild ya yi jira, ya shiga da nasa, ya bar wa na baya ƙofa a buɗe. Idan ɗanmu ya sami kujera a garin da muke zaune, abin da za mu duba shi ne ko ya tuna da waɗanda suke waje, ko kuwa ya ja ƙyaure ya rufe. Allah Ya sa mu dace, amin.